Yadda Ake Bin Diddigin Farashin Kayan Gwangwani Don Gane Tafiyar Tsadar Abinci a Legas

Sana'ata girkin biki da suna, a Agege nake zaune, kuma asara ce ta koya mini wannan aikin. A ƙarshen 2023 na yi wa wata baiwar Allah kuɗin abincin bikin 'yarta, muka rufe magana, ta ba ni kafin alƙalami, bikin kuwa sai bayan wata uku. Da lokaci ya yi na shiga kasuwa, sai na tarar kuɗin da na ware wa tumatirin gwangwani da masara da fis (ƙwayar koren wake) ko kusa ba za su kai ba. Magana an riga an yi, ba a fasawa. Na cika daga aljihuna, na yi girkin, na dawo gida da ciwon baya kawai. Tun daga nan na buɗe littafi.

Za ki ce me ya sa gwangwani, ba shinkafa ko ɗanyen tumatir ba? Saboda gwangwani bai san rani ba, bai san damina ba. Kwandon tumatir a kasuwar Mile 12 yau a cike yake, gobe an cusa masa ganye a ƙasa. Na Janairu ja ne jawur mai tauri, na Yuli duk ruwa. Mudu da derika kuwa kowace mai sayarwa da irin nata, wani an buga masa gindi ya shige ciki. Ita kanta derikar da ake auna mana wake da shinkafa da ita a Legas, asalinta gwangwanin tumatirin De Rica ne mai giram 850, har sunan ya bi ma'aunin. Gwangwanin da ba a buɗe ba, nauyinsa na rubuce a jikinsa. In kuɗinsa ya motsa, kin san kuɗin ne ya motsa, ba kayan ba.

Da mata nake magana don su na fi koya wa, amma mai shayi da mai shagon kayan masarufi duk hanyar ɗaya ce.

Kayan aiki

Littafi mai kauri mai bango mai tauri, irin na rajistar makaranta, da biro biyu, baƙi da ja. Kada ki yi amfani da fallen takarda, ranar da za ki neme shi an riga an ƙunsa wa yaro ƙuli-ƙuli a ciki. Sai waya mai kyamara da kalkuleta. Sai ƙaramin sikelin kicin mai auna giram, da matsami ko rariya. Sai ambulan ko tsohuwar robar man shafawa ta ajiye rasit. Sai ɗan kuɗin sayen gwangwani ɗaya ko biyu duk fita, don ba a zuwa shagon mutum wata da watanni ana tambaya ba a saye.

In ba ki da sikeli, ki dogara da abin da aka rubuta a jiki, ko ki roƙi mai sayar da kaza ko kifi daskararre ya ɗora miki a nasa. In kin iya Excel ko Google Sheets, to madalla, lissafin zai yi kansa, amma duk da haka ki fara rubutawa a littafi, waya tana faɗawa ruwa.

1. Zaɓi kayan da za ki bi, ki rubuta su dalla-dalla

Kaya biyar zuwa takwas sun isa. Wanda ya fara da ashirin, a wata na uku yake gajiya. Ni abin da nake bi: tumatirin gwangwani ƙarami mai giram 210, matsakaici mai giram 400, babba mai kilo 2.2 da muke girkin taro da shi, tumatirin leda, masarar gwangwani, fis, da waken gwangwani na salak.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda za ki rubuta kowanne. "Tumatir" kawai ba rubutu ba ne. Ki sa sunan kamfani, Gino ne ko Tasty Tom ko Sonia ko De Rica, ki sa nauyi, ki sa gwangwani ne ko leda, ki sa inda aka yi shi. Ki juya bayansa ki karanta abin da aka haɗa. Akwai wanda zallar tumatir ne da gishiri, akwai wanda aka rubuta wa "mix", an haɗa shi da sitaci da sukari da wasu abubuwan. Waɗannan kaya biyu ne daban ko da kamfani ɗaya ya yi su. Ki ɗauki hoton gaba da baya na kowanne, har lambar NAFDAC ta fito, ki ajiye. Bayan shekara wannan hoton ne zai raba gardama.

Ki haɗa na gida da na waje. Masara da fis da wake yawancinsu shigo da su ake yi, su suka fi bin dala. Tumatir kuma akwai wanda ake ƙullawa a nan ƙasar.

2. Zaɓi wuraren da za ki riƙa tambaya

Wuri uku aƙalla, kuma iri daban-daban: shagon unguwa, rumfar kasuwa, da babban kanti mai farashi a manne. Ni ina da shagon wani Bakatsine a layinmu, da rumfar wata Iya a kasuwar Agege, da wani kanti a Ikeja. In hanya ta kai ni cikin gari nakan leƙa Oke-Arin, inda ake sarin kayan masarufi, amma wannan shafinsa daban.

Kuskuren da na fi gani ke nan: a wannan watan a rubuta farashin katan a raba shi gida-gida, wata mai zuwa a rubuta na ɗai-ɗai a shagon unguwa, sai a ce kaya sun tashi da kashi ashirin. Ba su tashi ba, ribar mai shago kika auna. Sari da sari, ɗai-ɗai da ɗai-ɗai.

Kuma kada ki canza shago don kin ji wani ya fi araha. Ki je ki sayi kayanki can in kina so, amma littafi na tsohon shago ne.

3. Tsayar da rana

Sau ɗaya a wata ya wadatar, in dai ranar ba ta canzawa. Ni Talata ta biyu a kowane wata nake fita. Ki guji safiyar Alhamis, kasuwannin Legas na sharar mako, ba a buɗewa sai wajen ƙarfe goma. Ki guji ƙarshen wata, lokacin da albashi ya shiga kuma manyan kantuna ke yin rangwame don jan mutane. In ranar ta kuɓuce miki, ki je cikin kwana biyu ko uku, ki rubuta ainihin ranar da kika je. In makon duka ya wuce, ki bar gurbin ba komai. Kada ki cika shi da ka.

4. Karɓar farashi

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ake buƙatar hali.

Farashin da za ki rubuta shi ne wanda baƙo zai biya da kuɗi hannu bayan ɗan tayi na al'ada. Ba na farko da aka jefo miki don an gan ki da leshi ba, ba kuma na "ai ke tamu ce" ba. Mai shagon layinmu yakan rage mini naira hamsin don mun daɗe, ni kuma sai in ce, "Malam, na gode, amma in wata ta zo yanzu nawa za ka ce mata?" Shi nake rubutawa. Da farko ya zaci wani shago zan buɗe in kashe masa kasuwa. Sai da na buɗe masa littafin ya gani da idonsa. Yanzu da ya hango ni sai ya ce, "Hajiya, yau saye ne ko rubutu?" Wani lokacin ma shi yake tambayata nawa masara take a watan azumin bara.

Ki faɗa wa masu shago gaskiyar abin da kike yi tun farko. Wanda bai sani ba zai ɗauke ki ma'aikaciyar haraji, ya ba ki farashin ƙarya.

A babban kanti, abin da ke manne a kanta ba kullum ne yake daidai da abin da na'ura ke cewa ba. An taɓa caje ni fiye da abin da aka liƙa, da na yi magana aka ce ba a samu canza takardar ba ne. Farashin rasit shi ne gaskiya. Wasu kantunan kuma ba sa son ɗaukar hoto, mai gadi ya taɓa biyo ni har layin madara a kan haka. Sai ki rubuta a waya kamar mai tura saƙo, ko ki sayi guda ɗaya ki riƙe rasit.

Abubuwan da ba a sa su a lissafi: gwangwanin da ya lotse aka karya kuɗinsa, wanda ya kusa lalacewa ake neman kai da shi, da "sayi biyu a ba ka ɗaya". Ki rubuta su a gefe da jan biro don tunawa kawai. Wanda kuwa ya kumbura, ko yake tsatsa a bakin murfi, ko yake yoyo, kada ki saye shi ko da kyauta ne, kada kuma ki ɗanɗana don gwaji. Gubar da ke taruwa a irinsa tana kisa.

In akwai bambanci tsakanin kuɗi hannu da tiransifa, ki ɗauki na hannu, kuma kada ki haɗa da cajin mai POS. Wanda ya ga farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, ya san kaya ɗaya na iya yin farashi biyu a rumfa ɗaya.

5. Mayar da komai kuɗin giram 100

Ki raba kuɗin da nauyin, ki ninka da 100. Lambobin da zan kawo duk na misali ne don sauƙin lissafi. A ce gwangwani mai giram 400 naira 1,200 ne: 1,200 a raba da 400 ya ba da 3, sau 100 ya zama 300. Wato kowane giram 100 naira 300.

Wannan matakin ne ke kama ɓarawon da ba ya ƙara. Kamfani ya san in ya ƙara kuɗi za a yi surutu, sai ya bar kuɗin ya rage kayan. A ledar tumatir aka fi yin haka. A ce leda mai giram 70 tana naira 140, giram 100 ya kama 200. Bayan wata shida ledar tana nan a 140, launinta bai canza ba, amma a ƙasa da ƙananan baƙaƙe an rubuta giram 56. Yanzu giram 100 ya koma 250. An ƙara miki kashi 25 cikin ɗari, kina murna kaya ba su tashi ba. Abin da uwar gida za ta lura da shi kawai shi ne miyar da leda biyu ke yi da, yanzu sai uku. Saboda haka duk wata ki sake karanta nauyin, kada ki kwafo na watan jiya.

Masara da fis suna iyo ne cikin ruwa, shi ya sa za ki ga lamba biyu a jikinsu. Babbar ita ce nauyi har da ruwan, ƙaramar ita ce bayan an tsiyaye. Da ƙaramar za ki yi lissafi, ruwan ba ya shiga soyayyar shinkafa. In lamba ɗaya aka rubuta, ki buɗe guda, ki juye a matsami minti biyu, ki auna, ki rubuta. Ki maimaita bayan wata shida. Waken gwangwani da romonsa ake ci, shi nauyinsa duka ake ɗauka.

In kin samu kuɗin giram 100 na shaguna ukun, ki haɗa ki raba uku. Shi ne farashin wannan kayan na wannan watan.

6. Kafa watan tushe

Watan da kika fara shi ne tushe, ki ba kowane kaya maki 100. Duk wata mai zuwa, ki raba sabon farashi da na tushe, ki ninka da 100. Tumatirin da yake 300 ya koma 330, makinsa 110, wato ya hau da kashi 10.

Kada ki kafa tushe a Disamba ko jajibirin azumi, lokacin da kaya ke sama. In kika yi haka, watannin da za su biyo baya za su nuna miki sauƙin da babu shi.

7. Ba kowane kaya nauyinsa

Tashin fis da tashin tumatir ba ɗaya ba ne a aljihuna, don tumatir nake saye katan-katan, fis kuwa 'yan ƙwarori. Ki duba rasit ɗinki na wata biyu ko uku. A ce cikin kowace naira 100 da kike kashewa a kayan gwangwani, 60 na tumatir ne, 20 na masara, 10 na fis, 10 na wake. A ce makinsu na wannan watan 110, 120, 100 da 105. Ki ninka kowane maki da rabonsa, ki raba da 100: tumatir 66, masara 24, fis 10, wake 10.5. Jimla 110.5. Shi ne makin kwandonki. Da kin haɗa huɗun kin raba huɗu kawai, 108.75 za ki samu, ki raina tsadar da kike sha.

Rabon nan ki bar shi yadda yake shekara guda cur, ko da kin rage sayen masara don ta yi tsada. In kina canza shi duk wata, canjin halinki kike aunawa.

8. Karanta abin da lambobin ke faɗa

Kwatanci biyu ake yi. Na wata da wata: in maki ya tashi daga 110.5 zuwa 114, ki cire, ki raba 3.5 da 110.5, ki ninka da 100, ya ba da kusan kashi 3.2. Ba 3.5 ba, mutane da yawa a nan suke tuntuɓe. Na shekara da shekara kuma sai kin cika wata goma sha uku, ki gwada wannan Maris da Maris ɗin bara. Shi ya fi aminci, don yana shafe tasirin Kirsimeti da damina. Sai dai bai shafe na azumi da Sallah ba, tunda su duk shekara suna matsowa da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka. Ki riƙa rubuta watan Musulunci a gefen kowace rana.

Da wannan nake yi wa mutane kuɗin biki yanzu. In na ga wata ukun da suka wuce kwandona na hawa kashi uku-uku, bikin kuma saura wata uku, sai in ɗora kusan kashi goma a kan kuɗin kayan gwangwani, in nuna wa uwar amarya shafin. Ko kuma in ce ta ba ni kuɗinsu yanzu in saya in ajiye, tunda ba sa saurin lalacewa.

9. Idan kaya ya ɓace daga kasuwa

Zai faru. In wata ɗaya ne, ki bar gurbi, ki yi lissafi da sauran shagunan. In ya kai wata uku, ki nemi makwafinsa mafi kama da shi, ki ɗora shi daga inda tsohon ya tsaya. A ce tsohon ya tsaya a maki 130, sabon kuma a lokacin yana 320, wata na gaba ya koma 336. Ya hau da kashi 5, sai ki ɗora kashi 5 a kan 130, ya zama 136.5. Kada ki raba kuɗin sabon da na tushen tsohon. Dabarar ita ce da kin ga wani kaya ya fara wuya, ki soma rubuta na madadinsa tun kafin ya ƙare.

10. Gwada naki da na hukuma, ki san iyakar ma'auninki

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, tana fitar da alƙaluman hauhawar farashi wajen tsakiyar kowane wata, har da na abinci jiha-jiha. Ki rubuta na abinci a ƙasan shafinki. Ba za su zo daidai da naki ba, kuma ba laifin kowa ba ne: su ɗaruruwan kaya suke bi a faɗin ƙasa, ke bakwai a Agege.

Ki kula da abu biyu. Na ɗaya, in an ce hauhawar farashi ta sauka, ba a ce kaya sun yi araha ba, gudun hawan ne ya ragu. Na biyu, hukumar ta sauya shekarar tushe daga 2009 zuwa 2024. Shi ya sa alƙalamin hauhawar farashi na gaba ɗaya ya fito kashi 34.80 a Disambar 2024, sannan 24.48 a Janairun 2025. A layinmu har gardama aka yi, wasu na cewa ƙarya ce, wasu na cewa sauƙi ya zo. Ma'aunin aka canza, kamar yadda za ki yi in kin sake rabon kwandonki. Shafina na wannan Janairun bai nuna ko gwangwani ɗaya da ya sauko ba.

Gwangwani kuma ya fi jin maganar dala da tashar jiragen ruwa ta Apapa da kuɗin dizal fiye da maganar gona. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin naira kasuwa ta yanke mata daraja a watan Yuni, dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a Fabrairun 2024, kayan waje suka bi ta. Harajin shigo da markaɗaɗɗen tumatir, wanda gwamnati ta ɗaga zuwa kashi 50 a 2017 don kare manoman gida, shi ma ya shiga cikin kuɗin gwangwani. Amma ƙwarin da ya cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina a 2016, ko ambaliya, ko tare hanyar tirelolin Arewa, a kwandon Mile 12 za ki fara ganinsu, gwangwani sai daga baya, in mutane sun gudo kansa. Kuma kada ki yi mamaki in dala ta sauka gwangwani bai sauka ba. Mai shago sai ya sayar da tsohon kayan da ya saro da tsada, wani ma ko ya sayar ba zai rage ba sai maƙwabcinsa ya rage.

Saboda haka a bayan littafina akwai shafi guda da na ja wa layi uku: kuɗin dala a hannun 'yan canji a ranar, kuɗin litar dizal, da kuɗin babban kwandon tumatir. Na ƙarshen ba sai na je Mile 12 ba, wani ɗan garinmu da ke sauke kaya a can nake bugawa waya da hantsi, bayan motocin dare sun gama shigowa, kafin 'yan sari su kwashe masu kyau.